Awar Da Ba Ta Da Mai Ita

Ku matso kusa ku ji, musamman ku 'yan matan da kuka zo min barka da salla kuka same ni da abin kunne a kai, har ɗayarku ta ce, da "lah" ɗin nan na mutanen garin nan a bakinta, "Kai Anti, aikinki ai hutu ne lah. Kina cikin ɗaki, Turawa suna biyanki don ki yi hira." Na yi dariya ranar, don baƙina ne ku, ga cincin a gabanku. Yau zan ba ku amsa.

Tafinta nake yi ta waya. Wani ƙaramin kamfani ne a Ingila ya ɗauke mu. Idan an kai Bahaushe asibiti ko gidan kula da tsofaffi a can, bakinsa da na ma'aikata bai zo ɗaya ba, sai su buga lambar kamfani, kamfani ya jefo kiran nan Kuala Lumpur, cikin ɗakina. Dalilin da ya sa suke son mu shi ne darensu safiyarmu ce. Lokacin da tafintocin can suke barci, mu nan mun yi asuba, ruwan shayi yana kan wuta.

Ban yi boko mai nisa ba, aji biyu na sakandare na tsaya. Turancina a ƙofar wani asibiti na tsince shi a Jos, inda Innarmu take sayar da kunu da ƙosai. Mutanen ƙauye su zo ba su san abin da za su ce wa likita ba, sai a ce a kira 'yar mai kunu. Ni dai Allah ya ba ni kunne. Da Malam, maigidana, ya samu tallafin karatu muka taho nan, kafin ya gama koyon sunan tasharmu ni har na fara ciniki da matar kedai, wato kantin unguwa, da yarensu. Amma kunne kaɗai ba ya yin tafinta. Wannan a hannun Anti Rakiya na koya.

Anti Rakiya 'yar Zariya ce, matar wani farfesa, suna zaune a wani bene kusa da tafkin Titiwangsa. Ita ta fara wannan aikin a cikinmu, ita kuma take rarraba mana lokaci. Ranar farko da na je gidanta ba ta bar ni na ce uffan ba. Ta sa min abin kunne na biyu, ta ce in saurara kawai. Wata mata ce mai naƙuda a kan layi, da ungozoma Baturiya. Da aka gama ta juyo ta ce, "Me kika ji?"

Na fara zayyano mata maganar matar tiryan-tiryan.

Ta ce, "Wannan ko aku zai iya. Sau nawa ta ja numfashi kafin ta ce bayanta ne yake ciwo?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ta ce, "To, nan aikin yake, Hajara. Ba kya ganin fuskar mutum, ba kya ganin hannunsa. Numfashinsa ne ƙofarki. Ya ja iska, ki shiga. Bai ja ba, ki jira. Kada ki taɓa hawa kan maganar mara lafiya."

Wata uku na yi ina bin jirgin ƙasa zuwa gidanta bayan asuba, ni da ko ƙofar gida ban cika son leƙawa ba. Abu uku ta dasa min. Na farko shi ne numfashin nan. Na biyu, tafinta ba ta cewa "ya ce" ko "ta ce". Idan mutum ya ce cikina yana ciwo, ke ma cikina za ki ce, kamar bakinsa aka ara miki. Na uku kuwa babu shi a dokar kamfani, namu ne na Hausawa: ba a cire abin kunne sai an ji sallamar wadda za ta karɓe ki. Muna da zaurenmu a waya. Mai shigowa za ta aiko da murya, "Salamu alaikum, na karɓa," ke kuma ki amsa, sannan ki tashi. Ko na'ura ta ce lokacinki ya cika, in ba ki ji sallama ba, kina nan zaune. Anti ta ce ba a barin ƙofa a buɗe babu kowa a zaure.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Abin kunne mai rufe kunnuwa biyu, ba mai ɗaya ba. Kwamfuta. Ruwan ɗumi da citta da zuma a gefe, don murya takan dushe. Tsohon tawul da nake cusawa a ƙarƙashin ƙofa saboda hayaniyar yara. Fanka kuwa a kashe take, duk zafin garin nan, don ƙararta tana cinye numfashin wanda yake can. Kun ga hutun ke nan: mutum ya zauna cikin gumi kamar an dafa shi, ko tari ba ya iya yi sai ya danne maɓalli.

Akwai wani dattijo da aka taɓa kawo min, ƙafarsa ta kumbura. Nas ta tambaye shi tun yaushe. Shi kuwa da ya ji Hausa a kunnensa sai ya ce, "Ikon Allah! Baiwar Allah ina kwana? Ya gida? Ya yara? Ya maigidan? Ya baƙunta?" Ni kuma dole in mayar da kowacce da Turanci, da bakina, ina tambayar Baturiya ya maigidanta. Ta ce ita ba ta da miji. Na mayar masa. Ya ce, "Subhanallahi, Allah ya kawo nagari." Na mayar mata. Sai da muka yi wannan zagayen kafin a iso kan ƙafa. Irin waɗannan su ne masu daɗi. Akwai kuma ranar da za ki gaya wa uwa, da bakinki, cewa zuciyar abin da ke cikinta ta tsaya, sannan ki mayar da kukanta Turanci.

Sauran kayan aikin su ne agogo biyu da ke jikin bangona, waɗanda kuka yi ta tambaya a kansu. A wani kedai na titin kasuwar nan, Jalan Masjid India, na saye su rana ɗaya. Na dama namu ne, ba a taɓa shi sai batir ya mutu. Na hagu na Ingila ne, shi kuwa sau biyu a shekara Malam yake hawa kujera ya murɗa shi. Mutanen can suna da wata al'ada: idan zafi zai shigo su tura agogo gaba da awa ɗaya, idan sanyi zai shigo su dawo da shi baya. Cikin darensu suke yi, daren Lahadi, wanda ya yi daidai da hantsinmu. A na watan Maris, daga ƙarfe ɗaya sai a tsallaka biyu, awa guda ta ɓace. A na ƙarshen Oktoba kuwa, agogo yana isa biyu sai a mayar da shi ɗaya. Ƙarfe ɗaya ta buga sau biyu a dare guda.

Aikina daga goman darensu ne zuwa biyu. Daren Maris yakan gajarce, kamfani kuma ba ya mantawa, yana cire awar daga albashi tsaf. Daren Oktoba yakan tsawaita, amma ban taɓa jin an yi maganar ƙarin ba, ban kuma taɓa tambaya ba, don ni ban taɓa zaman ƙarin ba. Duk shekara tara na bugawa a agogona na dama sai in ji muryar Anti Rakiya, "Salamu alaikum, na karɓa, je ki ba yara abinci." Ban taɓa lura cewa ba ita ce mai bi na a jeri ba.

Shekarar da farfesa ya gama kwantiraginsa suka koma Zariya, ita ce mummunar shekarata.

A wannan shekarar akwai wani tsoho a wani gidan kula da tsofaffi da ake yawan kawo min. Ma'aikatan suna ce masa Mista Sam. Tun yana saurayi ya je ƙasar, ya auri Baturiya, ta rasu, ba su haihu ba. Tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, Turancin da ya shekara hamsin yana yi ya zube masa kaf, sai Hausar yarinta ta dawo. Mai kula da shi da dare wata nas ce 'yar Zimbabuwe, sunanta Gires, mace mai haƙuri. Idan ya rikice ta buga mana, ko ba abin fassarawa, don ya ji muryar da ya sani ya kwanta.

Ba ya kirana da sunana. Delu yake ce min, ina jin wata yayarsa ce. "Delu, an ɗaure akuyar nan?" In ce an ɗaure. "Delu, Inna ta dawo daga rijiya?" In ce tana hanya. Ƙirjinsa yana da wani kuka, kamar ana jan busasshen kara a kan tabarma, ga kuma injin iska da aka sa masa yana huci a gefe. Ko cikin barci aka sa min wannan numfashin zan gane shi.

Wata asuba na manta taga a buɗe, ladanin surau, ƙaramin masallacin unguwarmu, ya kira salla, sautin ya shiga layi. Tsohon ya saurara har aka gama. Sannan ya ce, "Delu, ashe har yanzu ana yi?" Na ce ana yi, Baba. Na mayar wa Gires, ta ce ita ba ta san addininsa ba, a takardunsa an rubuta ba shi da addini, ba shi da dangi.

Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba na zauna tun biyar na asuba kamar kullum. Malam ya fita da yara wajen mamak, masu shagon abincin nan, su yi makan, wato su karya, ya ce zai yo min tapau, ƙunshin roti, gurasar nan tasu. Rana ta fito fes, maƙwabciyata tana shanya a baranda. Tara ta buga a agogon dama. Na jira sallamar Bilki, yarinyar da take bi na, shiru. Na duba kwamfuta, sai na ga agogonta mai bin lokacin Ingila, da yake gab da biyu, ya koma ɗaya. Na aika wa Bilki murya. Ta amso daga cikin hayaniyar kasuwa.

"Anti Hajara, ni fa biyu aka rubuta min, kuma agogon Ingila na wayata ya ce yanzu ɗaya. Ina Masjid India ina zaɓen mayafi."

Na ce, "Ni ma biyu aka rubuta min in tashi, kuma na yi awa huɗuna cif."

"To Anti, awar wa ce wannan?"

Na ce, "Sayi mayafinki, 'yar gayu. In kin dawo kya yi sallama."

Da gaskiyarta, ni ma da tawa. Awar ce ba ta da mai ita. Ban ji sallama ba, don haka ban cire abin kunne ba.

Ba a jima ba kira ya shigo. Gires ce, muryarta a gaggauce. Ta ce Mista Sam yana ta magana, jikinsa ya yi sanyi, ga wata tsohuwa ta faɗi a ɗaki na gaba, ita kaɗai ce ma'aikaciya a wannan hawan benen. Za ta ajiye wayar a kan filonsa, in taya shi hira ta dawo. Na ji takunta ya yi nisa.

Na ce, "Baba, Delu ce."

Ya ce, "Delu, duhu." Ƙirjin yana kukan nan nasa, injin yana huci. Ya yi maganar akuya, ya yi ta wata bishiyar tsamiya a ƙofar gida. Kalma biyu, ya ja iska, kalma uku, ya ja iska. Ina shiga ta ƙofofin nan ina amsa masa. Can na ji takun Gires ya dawo. Ta tsaya. Na ji ta kira sunansa a hankali sau biyu. Na ji ƙarar maɓalli, hucin injin ya ɗauke. Na ji zoben labule yana gudu a kan ƙarfe. Na ce, "Nas? Nas Gires?" Ba ta ji ni ba, sautina ya toshe kamar an danne wayar da wani abu. Takunta ya fita, ƙofa ta rufu.

Sai ya ce, "Delu, ki saurara da kyau."

Muryar tasa ce, ba ko shakka. Amma ta washe, babu kukan ƙirji. Na gyara zama na jira ya ja iska in shiga. Ya ci gaba.

"Ba Sam ba ne sunana. Sunana Sama'ila, ɗan Garba majemi, mutumin Kazaure. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi. Na yi sakaci amma ban fita ba. Ki gaya musu kada su sa ni a wuta. A yi min wanka, a naɗe ni da fari, a sa ni a ƙasa fuskata tana duban alƙibla."

Ya faɗa, ya sake faɗa, ya kuma sakewa, a jere kamar mai karanta allo. Ina ta neman ƙofa, babu. Tun da nake aikin nan ban taɓa jin ɗan Adam ya yi magana mai tsawon haka bai tsaya ya sha iska ba. Da na ga ba zai tsaya ba, sai na yi abin da Anti ta hana ni, na hau kan maganarsa. Babu nas a ɗakin, babu mai jin Turanci, amma baki ya riga ya saba. Na shiga mayarwa da ƙarfi, da "ni", yadda aka koya min.

A haka Malam ya dawo. Ya ce tun daga bakin lif, na'urar hawa benenmu, yake jin muryata. Ya tura ƙofa da ledar roti a hannu, ya tarar da matarsa zaune cikin hasken rana, gumi ya jiƙa mata hijabi, tana cewa da Turanci, "Sunana Sama'ila, kada ku ƙone ni, kada ku ƙone ni." Ya kora yara falo, ya dawo ya tsaya a bayana.

Na ce, "Baba, ka ce La'ilaha illallahu." Ya faɗa har ƙarshe, kowane harafi a wurinsa. Sannan ya ce, "Delu, ga shi can ana kira, bari in je kada a tayar." Nan unguwarmu babu wani kiran salla da hantsi. Agogon kwamfuta ya cika biyu, layin ya yanke da kansa, wayata ta yi ƙara: "Salamu alaikum Anti, na karɓa."

Washegari na rubuta rahoto, Malam ya gyara min rubutun, na aika wa shugabarmu ta can, Madam Helin. Da yamma ta kira ni. Ta ce ta yi baƙin ciki, Mista Sam ya rasu a daren. Amma akwai matsala. Na'urarsu ba ta nuna wani kira a wannan lokacin ba. Ashe ɓangaren da ke rubuta kira ya riga ya rubuta ƙarfe ɗaya sau ɗaya, da ta sake zagayowa sai ya ƙi karɓarta. Babu lambar kira, babu sautin da aka naɗa. Kuma dokarsu ba ta yarda a aika wa gidan tsofaffi maganar mara lafiya ba sai da lambar kira a kai. Ta ce ba ƙaryata ni take yi ba, hannunta ne a ɗaure.

Na ce, "To yanzu me za a yi da shi?"

Ta ce wanda ba shi da dangi, kuma bai bar wasiyya ba, hukumar gari ce take ɗaukar nauyinsa, kuma galibi ƙonewa suke yi. Ƙarshen mako za a zo a ɗauke shi.

Na buga gidan tsofaffin da kaina, suka ce ba sa magana da wanda ba dangi ba. Gires kuma ta tafi hutun da take yi bayan aikin dare. Na rasa ta inda zan ɓullo. Da daddare ina kwashe kwanuka Malam ya ce, "Hajara, ki nemi kuɗin awarki."

Na ce, "Haba Malam! Ana maganar gawar Musulmi kana maganar kuɗi?"

Ya ce, "Zauna ki ji. Ofishin Madam Helin ba ya tsoron kowa, amma ofishin albashi yana tsoron hukuma. A yarjejeniyarku an ce dokar ƙasarsu ake bi, kuma a dokarsu duk awar da ma'aikaci ya yi aiki sai an biya shi, ko agogo ya yi gaba ko ya yi baya. In kika ce kin yi awa biyar an rubuta miki huɗu, dole su bincika. In sun bincika, dole su nemo shaidar kina kan layi. Ranar da suka biya ki awar nan, sun yarda an yi ta. In an yi ta, an yi kiran da ke cikinta."

Ni da ko canjin kedai ba na ƙirgawa, sai ga ni ina rubuta ƙorafin albashi. Bilki ta kira ni hankalinta a tashe.

"Anti, so kike a kore ni? Za su ce ni na makara."

Na ce, "Ke da mayafinki babu mai taɓa ku. Ki rubuta musu gaskiya, ƙarfe biyun wayarki kika shiga."

"In suka ce duk mu tafi fa? Anti, da kuɗin nan nake biyan hayar ɗaki."

Na ce, "In an kore mu kya zo mu soya cincin. Rubuta."

Ta rubuta, Allah ya yi mata albarka. Takardarta ce ta nuna musu ramin: ga wadda ta tashi, ga wadda ta shiga, ga awa guda a tsakani da babu sunan kowa. Ranar Laraba ofishin albashi ya nemi gidan tsofaffin ya duba lissafin wayarsa. Kiran yana nan, daga hawan Gires zuwa lambar kamfani, kusan awa guda cur. Ranar Alhamis aka amince da biyana, aka ba kiran lamba da hannu, rahotona ya wuce. Ranar Juma'a mutanen wani masallaci na garin suka je suka karɓe shi. Madam Helin ta aiko min da saƙo cewa an yi masa yadda ya nema. Tun daga shekarar kamfani yake rubuta sunan mai zaman wannan awar, kuma ana biya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce muku labarin albashi ne.

Bayan 'yan makonni Gires ta bugo saboda wata tsohuwa 'yar Nijar. Da muka gama ta ce, "Ke ce ta daren Mista Sam ko? Na gode miki. Na yi mamakin yadda ya iya faɗa miki duk wannan a ɗan lokacin nan."

Na ce wane ɗan lokaci?

Ta ce, "Ai bai fi minti goma ba na dawo na tarar ya cika. Na kashe injin, na rufe masa ido, na ja labule, na tafi kiran likita. Wayar ma ta zame ƙarƙashin filo, sai da safe muka gan ta."

Na ce mata haka ne, Allah ya ba mu haƙuri. Me zan ce? A minti goman farko akuya da tsamiya kawai ya ambata. Sunansa da na ubansa, da garinsu, da wankan, duk bayan labule suka zo.

Malam ya ce kada in zurfafa, Allah ne masanin gaibu, kuma kunne yakan yi wa mai shi dabo. Ban musa masa ba. Amma shi ma na lura tun ranar, in ya hau kujera zai mayar da agogon hagu baya, sai ya yi bisimilla a bayyane.

Na kira Anti Rakiya a Zariya. Bayan gaisuwa na ce, "Anti, ashe duk shekarun nan ke kike zaman awar Oktoba, ba a biyanki, ba ki taɓa faɗa ba?"

Ina jin kaji a tsakar gidanta. Sannan ta ce, "An kira ki ke nan."

Na ce an kira.

Ba ta tambaye ni wane ne ba. Ta ce, "Kin samu ƙofa?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, Anti."

Ta ce, "To. Ba kowace shekara ba ce. Ni a tawa sau biyu aka yi. Ki riƙa zama da alwala, ki mayar da abin da aka ce miki, kada ki yi tambaya. Ya yaran?"

Shekara huɗu ke nan ni nake zaman awar. Kamfani yana tambaya wa yake so, sauran su yi shiru, in ce a sa ni. Sau uku ba abin da ya shigo sai ciwon haƙori da wata mai naƙuda. Bara kira ya shigo, na yi sallama, na ji ɗaki ne, na ji agogo yana tafiya a jikin bangon wani, amma babu wanda ya yi magana, babu kuma wanda ya ja iska. Na zauna da shi har biyu ta cika.

Yanzu Malam ya gama karatu, an kira shi gida, kayanmu har sun fara shiga kwali. A Satumba za mu tashi in Allah ya yarda, kuma wutar unguwarmu ta can ba za ta riƙe wannan aikin ba. Madam Helin ta ce in kawo wadda za ta gaje ni. Abin kunnen yana nan, agogo biyun ma zan bar su, tawul ɗin kawai za ki nemo naki. Albashin ba laifi, awar ma yanzu ana biyanta har da ɗan ƙari.

To ke mai cewa aikin hutu ne, ranar Lahadin ƙarshen Oktoba, tara ta buga, rana tana haska ɗakinki, kira ya shigo kika ji an ce "ki saurara da kyau", za ki cire abin kunnen, ko za ki zauna har a yi miki sallama?